ƘARAMIN JIRGI MAI INJIN DIZAL DA KE BIN UMURNIN REDIYO

Duk wanda ya taɓa zuwa Bengu da damina, ya san abin da yara su ke yi idan ruwa ya kwanta a fadama. Su kan samo karan dawa su feƙe shi, ko su buɗe gwangwanin kifi su daddaƙe bakinsa, su ɗaura masa zare, su sa shi bisa ruwa su na ja su na gudu a gefen tafki. Manya su na wucewa zuwa garakensu na dankali da rake, ba su ko waiwaya, don a ganinsu wasan yara ne. To, a wasu ƙasashe, wannan wasa ya girma har ya zama sana'a da ilimi. Akwai magidanta da su ke ƙera jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba, su sa masa inji na gaske mai shan mai, su tsaya bakin gaɓa su na tuƙa shi daga nesa da na'urar rediyo. A yau za mu bayyana yadda a ke ƙera irin wannan jirgi, da inda dabarar ta samo asali, da kuma amfanin da sanin ta zai yi wa mutanen gundumar Gaya.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu

Bengu ta na cikin jihar Dosso, ba nisa da Gaya, a yankin da Dallol Foga da Dallol Mawri su ke gangarowa zuwa kogin Isa, wanda maƙwabtanmu na Najeriya su ke kira Kwara. Ƙasa ce mai giginya, mai gishiri, mai ruwa kusa. Arzikinta a yau ya na rataye ga inji: injin ban ruwa a garka, injin niƙa a cikin gari, babbar mota mai kai dankali Yamai, da injin kwale-kwale a bakin kogi. Amma mutum nawa ne cikinmu su ka san abin da ke faruwa a cikin wannan ƙarfe da mu ke zuba wa mai kullum? Idan inji ya tsaya a tsakiyar rani, sai manomi ya naɗe hannu ya jira makaniki, shuka kuwa ba ta jira.

Kogin ma ya koya mana darasi. Daga 1958 gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta riƙa ɗaukar mutane da kaya tsakanin Nijar da Benin. Da a ka rufe iyaka a ƙarshen watan Yuli na 2023, sai fasinja da buhuna da babura su ka koma kan kwale-kwale, kamar zamanin kakanni. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi ta Najeriya, can ƙasa da mu a kan wannan kogi namu, wani jirgi ɗauke da ƴan biki ya kife, mutane fiye da 100 su ka rasu. Ajali na hannun Allah, amma lodin da ya wuce ƙima na hannun mutum. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa jirgi ya ke tsayawa bisa ruwa, da dalilin da ya sa ya ke kifewa, ba zai yarda a ƙara buhu goma bayan ruwa ya kusa kai bakin katako ba. Ƙaramin jirgi na gwaji ya na koyar da wannan duka a tafkin da bai wuce gwiwa ba.

Mutane biyu, dabara biyu

Injin dizal ya ɗauki sunan Rudolf Diesel, Bajamushe da a ka haifa a birnin Paris a 1858. Ya sami takardar mallakar dabararsa a 1893, kuma a 1897 injinsa ya yi aiki sosai a garin Augsburg na ƙasar Jamus. A babban bajekolin Paris na 1900, an nuna wani injin dizal ya na aiki da man gyaɗa tsantsa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin ta na tunanin ƙasashen Afirka da ta ke mulka a lokacin, inda gyaɗa ta ke da yawa. Wani abin lura kuma, jiragen ruwa na farko da a ka sa wa wannan inji ba na teku ba ne. A 1903 a ka yi su: ɗaya a Rasha, mai suna Vandal, mai dakon mai a cikin koguna, ɗaya a Faransa, mai suna Petit-Pierre, mai bin hanyar ruwa da a ka gina da hannu. Sai a 1912 babban jirgin teku Selandia na ƙasar Danmak ya biyo baya.

Tuƙi daga nesa kuwa, Nikola Tesla ne ya fara nuna shi ga jama'a, a birnin New York na Amurka, a 1898. Abin da ya tuƙa ƙaramin jirgin ruwa ne mai batir, tsawonsa ya ɗara mita ɗaya kaɗan, a cikin wani kwarmin ruwa da a ka shirya a zauren bajekoli. A lokacin mutane kaɗan ne su ka san rediyo, shi ya sa waɗansu ƴan kallo su ka zaci sihiri ne. A 1906 wani injiniya ɗan ƙasar Sifen, Torres Quevedo, ya tuƙa jirgi mai ɗauke da mutane a tashar ruwa ta Bilbao, shi kuwa ya na tsaye a tudu. Watau ke nan dabarar da a yau ta ke tuƙa jiragen sama marasa matuƙi, da ƙaramin jirgin ruwa ta fara.

Yadda dizal ya bambanta da injin esansi

Duk wanda ya taɓa hura tayar keke da famfo ya san bakin famfon ya na yin zafi. Iska ce, idan a ka matse ta sai ta yi zafi. A kan wannan a ka gina injin dizal. Fistin ya na hawa cikin silinda, ya matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 15 ko 20 na wurin da ta cika da farko. Zafinta ya kan wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci wani famfo mai ƙarfi ya ke feso gazuwal ta wata ƴar ƙofa mai kamar bakin allura, man ya kama da wuta shi kaɗai, ya tura fistin ƙasa. Injin esansi shi ba ya matsa iska haka, sai buji ya ƙyasta masa wuta. Shi ya sa injin niƙa mai gazuwal ba shi da buji, babur kuwa ba ya tashi sai da shi.

Ƙaramin injin da a ke sa wa jirgin gwaji, a na kiransa dizal, amma ɗan uwa ne na nesa. Cikinsa bai wuce santimita murabba'i mai zurfi 1 zuwa 3 ko 4 ba, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Abu biyu ne su ka hana a yi shi daidai da babban. Na farko, famfon fesa mai da zai dace da wannan ƙanƙanta ya na da wuyar ƙerawa ƙwarai. Na biyu, ƙaramin silinda ya na saurin zubar da zafi, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi ya ke rigan na cikin buta hucewa. Saboda haka iskar ba ta yin zafin da zai kunna gazuwal.

Maƙera su ka sami dabara. Su ka haɗa mai iri uku: kananzir, da man shafe ƙarfe, da wani ruwa mai suna eta. Wannan eta shi ne wanda likitoci su ka fara sa majinyata barci da shi a gaban jama'a a birnin Boston a 1846, kuma ya na cikin gwangwanin feshi da makanikai su ke tada manyan motoci da shi da sanyin safiya. Ya na kamawa da wuta a zafin da bai fi digiri 160 ba ko kusa da haka. A tsohon ma'auni, a kan zuba kashi ɗaya cikin uku na kowane. Eta ya na kunna wuta, kananzir ya na ba da ƙarfi, man shafawa ya na hana ƙarfe cin ƙarfe. Man da a ka fi yabo a wannan aiki shi ne man zurma, wannan tsiro da ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kula da shi, domin ya na jure zafi. Inji ya na zuƙar wannan haɗi tare da iska, ya matse su gaba ɗaya, su kama. Babu buji, babu batir, babu waya.

Irin wannan inji ya fara yaɗuwa daga ƙasar Suwis, inda a ka fitar da wani mai suna Dyno a farkon shekarun 1940. Bayan yaƙin duniya na biyu, Ingila ta yi fice da shi, da injuna irin su Mills na 1946, da PAW daga baya. Duk da ƙanƙantarsa, ya na iya juyi fiye da 10.000 a minti ɗaya. Ga kuma abin da ya sa ya dace da koyarwa: ya na kama wuta ta hanyar matsi kamar injin niƙa, amma bugu biyu ya ke yi, ya na shan mai a gauraye da man shafawa, kamar yawancin injunan da a ke rataya wa kwale-kwale a baya. Yaron da ya kwance shi ya mayar, ya leƙa cikin injuna biyu a lokaci guda.

Gangar jirgin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aiki ya na farawa da takarda da fensir da magwaji. A zana jirgin daga sama, a zana shi daga gefe, sannan a zana yadda cikinsa zai kasance idan an yanka shi a wuri biyar ko shida. Ga mai farawa, tsawon santimita 90 zuwa 100 da faɗin santimita 20 zuwa 25 ya isa. Jirgi mai faɗi ya fi siriri haƙuri da kuskure.

Daga nan sai lissafin nauyi. Wani masani na ƙasar Girka, Arkimidas, ya gano ƙa'idar wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa: abin da ke bisa ruwa ya na ture ruwa daidai da nauyinsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In da jirginmu akwati ne mai tsawon santimita 100 da faɗin 20, ya nutse santimita 5, to ya ture lita 10, watau nauyinsa kilo 10. Amma da ya ke jirgi ya na da tsini a gaba, cikinsa kuma a lanƙwashe ya ke, sai mu ɗauki wajen rabin haka, kilo 5. Wannan shi ne iyakar nauyin katako da inji da mai da batir gaba ɗaya. Mai ƙira ya auna kowane abu a sikeli kafin ya sa shi.

A na fara kafa ƙashin baya, watau doguwar sanda daga goshi zuwa wutsiya. A kanta a ke jera haƙarƙari, waɗanda a ka yanka bisa zanen. Sannan a lulluɓe su da siririn katako na kanti mai falle-falle, a manne da gam mai jure ruwa. Masu sassaƙa kwale-kwale su na son maɗaci saboda ƙarfinsa, amma ga ƙaramin jirgi ya yi nauyi, sai dai a wurin da inji zai zauna. Wannan mazauni dole ya zama katako mai tauri, a ɗaure shi da kusoshi masu noti, domin girgizar dizal ta na kwance duk abin da ba a ɗaure da kyau ba. Ciki da waje a shafa fenti mai jure mai, sau biyu ko uku, don haɗin eta da kananzir ya na cin fenti na banza, ya jiƙa katako, gam ya saki. A goshi da wutsiya a cusa farin soso mara shan ruwa, irin wanda ke zuwa cikin kwalin rediyo ko firji. Idan jirgi ya kife, shi zai hana shi tafiya ƙasa da injin da a ka sha wahalar samu.

Daga inji zuwa farfela

Inji ya na zama a tsakiya, ƙasa-ƙasa. Daga bakinsa wata sandar ƙarfe ta ke fita, ta bi cikin bututun tagulla da ya huda cikin jirgi a karkace, ta kai ga farfela a ƙarƙashin wutsiya. A na cika bututun da giris don kada ruwa ya biyo ta nan. Babban sharaɗi shi ne inji da sandar su miƙe a layi ɗaya. Idan su ka saɓa ko da kaɗan ne, rabin ƙarfin ya tafi a girgiza.

Injin da ke cikin jirgi ba ya samun iska mai sanyaya shi, don haka a ke yi masa riga ta ƙarfe a kewayen silinda. A na sa wani ɗan bututu a bayan farfela, bakinsa na fuskantar ruwan da farfela ke turowa. Ruwan ya shiga, ya bi tiyo, ya zagaya cikin rigar, ya fita ta gefen jirgi. Mai tuƙi ya riƙa duban wannan tsartuwar ruwa daga bakin gaɓa. Muddin ta na fita, inji lafiya lau. Ta tsaya, ciyawa ta toshe bututu, a dawo da jirgi nan da nan. Masu injin kwale-kwale sun san wannan alama sarai, don nasu ma haka ya ke.

A kan sandar inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi, mai tsagi a gefe. Nauyinsa ne ke taimakon fistin ya ƙetare wurin matsi. A cikin tsagin a ke zura igiyar fata, a kama bakinta biyu, a fizga, kamar yadda a ke tada injin ban ruwa.

Daidaita injin ya na bukatar kunne da haƙuri. Abu biyu a ke murɗawa. Akwai allurar mai, mai ƙara mai ko rage shi. Akwai kuma wani sukuru a ƙoƙon kan silinda, wanda ke danna rufin silinda ƙasa ko ya sake shi, watau ya ƙara matsi ko ya rage. Idan matsi ya yi kaɗan, inji ya riƙa tari ya na yankewa. Idan ya yi yawa, sai ya yi nishi, ya yi zafi, man da ke fita ya yi baƙi. Idan kuma mai ya cika silinda har fistin ya ƙi hawa, kada a ja da ƙarfi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A sassauta sukuru, a zubar da man, a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Umurni ta iska

Kayan rediyo kashi uku ne. Akwai mai aikawa, wanda ke hannun matuƙi. Akwai mai karɓa, ɗan ƙaramin akwati a cikin jirgi. Akwai kuma masu aikatawa, waɗanda a ke kira sarbo. Sarbo ƙaramin moto ne na lantarki mai haƙoran giya da ɗan hannu a sama. Mai karɓa ya na aika masa saƙo wajen sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, tsawon saƙon ne ke gaya masa inda zai tsayar da hannunsa, dama ko hagu ko tsakiya. Sarbo biyu sun wadatar. Ɗaya ya na juya faifan tuƙi da ke bayan farfela, wanda ke yin aikin da filafili ya ke yi a hannun matuƙin kwale-kwale. Ɗaya ya na buɗe maƙogwaron inji ko ya rufe shi, don ƙara gudu ko ragewa.

A da, waɗannan na'urori su na aiki a kan zango irin na megahaz 27 da 40, kuma mutum biyu ba su iya tuƙi a zango ɗaya, sai umurnin wannan ya shiga jirgin wancan. Tun tsakiyar shekarun 2000 a ka koma gigahaz 2,4, inda kowane mai karɓa ya ke gane mai aikawarsa shi kaɗai. Sai dai wannan zango ba ya ratsa ruwa da kyau, saboda haka eriya ta kasance sama da layin ruwa, nesa da ƙarfen inji. Mai karɓa da batir a sa su cikin gwangwanin roba mai murfi, a toshe ramin wayoyi. A kuma shirya na'urar yadda idan saƙo ya yanke, sarbo zai rufe maƙogwaron inji da kansa. In ba haka ba, jirgi ya kama hanya ba mai tsayar da shi sai mai ya ƙare.

Gargaɗi

Eta ba abin wasa ba ne. Ya na tafasa a zafin digiri 35, zafin da mu ke wucewa a inuwa da bazara. Kwalbar da a ka bari a buɗe, kafin a ankara eta ya tsere, ya bar kananzir da man zurma, inji ya ƙi tashi. Tururinsa ya fi iska nauyi, ya na bin ƙasa har ya kai ga murhu ko guntun sigari. A ajiye shi cikin gwangwanin ƙarfe mai rufi sosai, a inuwa, nesa da ɗakin kwana, kuma kada a bar shi a hannun yara. Aikin haɗa mai na babba ne. Farfela mai juyi ta na yanka yatsa kamar aska.

Gwajin farko a yi shi a tafki mara zurfi, da safe kafin iska ta taso, a wurin da babu kainuwa da bado, don su na nannaɗe farfela. Kada a fara da kogi: ga igiyar ruwa, ga dorina, ga tarun masunta. Kada kuma a tura yaro ya yi iyo ya ɗauko jirgin da ya mutu a tsakiya. A tanadi doguwar gora ko igiya mai ƙugiya. Ruwan kwance ya na ɗauke da tsargiya, wanda zai shiga ya sa takalmin roba. Bayan haka, mu na zaune ne a bakin iyakoki biyu. Duk wanda zai yi amfani da na'ura mai aiki daga nesa, ya fara sanar da maigari da hukuma, ya nuna masu abin a fili, don kada wasa ya zama abin zargi.

Abin da ƙaramin jirgi ke gaya wa babba

Manyan masana'antu ba su ƙera jirgi sai sun gwada ƙaraminsa. Wani injiniya ɗan Ingila, William Froude, shi ya kafa wannan hanya, ya gina dogon kwarmin gwaji a garin Torquay a farkon shekarun 1870. Ƙa'idodinsa masu sauƙi ne, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya bin su da alli.

Mu ɗauki kwale-kwale mai tsawon mita 20. Mu yi ƙaraminsa mai mita 1, watau mun rage shi sau 20. Amma ba tsawo kaɗai mu ka rage ba, har da faɗi da zurfi. Saboda haka nauyi ya ragu sau 20 sau 20 sau 20, watau sau 8.000. Idan babban da kayansa tan 8 ne, ƙaramin kilo 1 ne. Mutum mai kilo 64 ya zama tsakuwa mai giram 8. Gudu kuwa ya na raguwa wajen sau 4 da rabi: babban jirgi mai kilomita 18 a awa, ƙaraminsa kilomita 4 ne, tafiyar mai ƙafa.

Yanzu malami ya tara ɗalibai a bakin tafki. Ya jera tsakuwa a ƙasan jirgi, ya tura shi da yatsa, jirgi ya karkata ya dawo. Ya ɗora waɗannan tsakuwa bisa wani ɗan dandamali a sama, kamar mutanen da su ka hau kan buhuna, ya sake turawa: jirgi ya yi jinkirin dawowa, ko ya kife, alhali ba a ƙara masa ko giram ɗaya ba. Ya tura tsakuwa duka gefe ɗaya, kamar fasinjan da su ka firgita. Ya zuba rabin kofi na ruwa a ciki, ɗalibai su ga yadda ruwan ke gudu zuwa gefen da ya yi ƙasa ya na ƙara danne shi. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan da idonsa ya san dalilin da ya sa a ke cewa kaya masu nauyi a ƙasa, fasinja a zaune, a kwashe ruwan ciki tun ya na kaɗan, kuma kowa ya sa rigar ceto.

Kira ga iyaye da ma'aikata

Gaskiya ne injin da na'urar rediyo daga waje a ke sayo su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Amma ba dole ne kowane yaro ya mallaki nasa ba. Jirgi ɗaya ya isa aji guda. Gangar jirgi kafintan gari zai iya ta, bututu da faifan tuƙi aikin maƙeri ne da mai walda, wayoyi kuwa mai gyaran salula ya fi kowa sanin su. Kafin a sami dizal, a na iya farawa da ƙaramin moto na tsohuwar rediyo mai kaset da batir, a koyi ƙira da ma'auni da tuƙi, inji ya zo daga baya.

Ƙasarmu ta na tace gazuwal nata a Damagaram tun 2011, jihar Dosso ta sami jami'arta a 2014, ga cibiyoyin koyon sana'a a cikin ƙananan hukumomi. Abin da ya rage shi ne hannun da ya saba da sukuru tun ƙuruciya, da kan da ya saba tambayar dalili. Icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi. Ya kamata shugabannin makarantu da na cibiyoyin sana'a na gundumar Gaya su duba wannan aiki, su haɗa malamin lissafi da makaniki da sarkin jirgi a zama ɗaya, don kowanensu ya na riƙe da abin da ɗayan bai sani ba. Uba kuma, idan ya tarar da ɗansa a bakin tafki da gwangwani da zare, kada ya kore shi da tsawa. Ya tsuguna ya tambaye shi me ya sa gwangwanin bai nutse ba alhali ƙarfe ne. Idan yaron bai sani ba, su nemi amsar tare.

Allah shi kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, shi sa albarka ga hannun ƴaƴanmu.